Kwana 52 rabona da giya, ga tikitin wasan mawaƙi a hannuna

Mai Kwana 52:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwanana 52 ban sa giya a baki ba, bayan na kwashe shekara tara ina sha. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Wata huɗu da suka wuce, tun ina cikin shan, na sayi tikitin wasan wani mawaƙi da na daɗe ina burin gani ido da ido. Ranar Asabar mai zuwa ne. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa tsayawa gaban makaɗa ba sai da kwalba a hannuna. Shekaranjiya na kunna waƙarsa ina wanke kwanuka, wallahi kafin a kai amshi yawu ya cika mini baki, hannuna na dama ya dunƙule kamar yana riƙe da wani abu mai sanyi. Sai da na kashe na nemi wuri na zauna.

Mu huɗu za mu je. Biyu suna sha, na ukun ne kaɗai ya san na daina. In na fasa, ina tsoron zuciyata ta fara raya mini cewa barin giya ya raba ni da duk wani jin daɗi. In na je, ina tsoron wayar garin Lahadi ina ƙirga daga ɗaya. Yaya zan yi?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, kwana 52 ba wasa ba ne. Tunda gaskiya ka nema, sayar da tikitin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shekarata 11 da dainawa, amma karo na biyu ke nan. A karon farko na kai kwana 70 da 'yan kai, na je irin wannan wasa ina ganin na fi ƙarfin abin. Lokacin da ake kiɗa ban ji komai ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci, aka kunna fitilu, kowa ya nufi wurin sayar da abin sha, sai na ga ni kaɗai tsaye ban san inda zan sa hannuwana ba. Wani tsohon abokina ya miƙo mini kofi bai ma kalle ni ba, yana hira da wani. Na karɓa kamar yadda na saba karɓa. Wata takwas na yi kafin na sake tsayawa da ƙafata. A ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu taimakon juna wajen barin giya, wadda aka kafa a garin Akron na Amurka a 1935, akan shawarci sabon shiga ya halarci zama 90 cikin kwana 90, ya kuma nisanci mutane da wuraren da ya saba sha. Kai ko kwana 90 ɗin ba ka cika ba. Mawaƙin zai sake yin wani wasan.

Anti Talatu:
Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi jinyar yayana a kan wannan matsala. Abin da ya same ka wajen wanke-wanke kada ka ɗauka raunin zuciya ne. Shekara tara ƙwaƙwalwarka tana haɗa wannan sauti da giya, har ta kai da zarar ta ji shi sai ta saki sinadarin dofamin, mai tada kwaɗayi, tana jiran abin da ta saba samu. Shi ya sa jiki ke riga tunani amsawa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan kwaɗayin yana tashi ne ya kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin mintuna, in dai ba ka ciyar da shi ba. Alan Marlatt, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a Jami'ar Washington, ya koyar da mutane su kalle shi kamar igiyar ruwa: ka lura da inda yake a jikinka, maƙogwaro ne ko ƙirji, ka ci gaba da numfashi har ta wuce. Ai ka riga ka yi hakan shekaranjiya, ka zauna kuma ta wuce.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Giyar da ake rubuta mata "ba barasa", wasu nau'o'inta suna ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100, kuma ƙamshi da siffar kwalbar kaɗai sun isa su tada maka abin. Kada ka taɓa ta a wurin. Na biyu, in kana ganin likita, ka faɗa masa zancen Asabar ɗin. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke taimakawa wajen rage kwaɗayi. In kuwa maganin disulfiram aka ɗora ka a kai, kurɓin giya ɗaya zai iya jawo maka amai da bugun zuciya mai tsanani.

Mai Ganga:
Yaya Baban Ummi, ina girmama maganarka, amma bari in kawo ɗaya gefen. Ni kiɗa ne sana'ata. Da na daina shekara uku da suka wuce ban da zaɓin ƙin zuwa, a nan abincina yake. Abin da na gano ya yi daidai da labarinka: haɗarin yana cikin lokutan da ba a kiɗa, wato zaman jira kafin a fara, da hutun tsakiya, da bayan an tashi inda ake cewa "mu ƙarasa wani wuri". In ɗan'uwanmu zai je, waɗannan ukun zai toshe.

Aboki, kada ka bi abokan tafiyarka tun da wuri. Ka iso dab da hawan mawaƙin, ka ci ka ƙoshi tun daga gida, don yunwa da gajiya da fushi da kaɗaici su ne ke buɗe ƙofar. Kana shiga ka sayi ruwa ka riƙe a wannan hannun na dama da ka ce yana dunƙulewa, ya ƙare ka sayi wani. Mai hannu cike ba a cika miƙa masa kofi ba. Ka matsa can gaba kusa da dandamali, nesa da wurin sayar da giya. Ana kunna fitilun hutu ka fita waje ka kira wanda ya san halin da kake ciki, ku shirya tun yanzu cewa zai ɗauka. Kuma ka zo da hanyar komawarka, kada makullin tafiyarka ya kasance a aljihun mai sha. Ni har yau ba na jiran waƙar ƙarshe in ba ni ke kan ganga ba.

Ba kai ne na farko ba. A Amurka, masoyan ƙungiyar mawaƙan Grateful Dead da suka bar shaye-shaye sun haɗa kansu da sunan Wharf Rats tun cikin shekarun 1980. Sukan ɗaga balan-balan masu ruwan ɗorawa don a gane inda suke, su taru su yi zama a daidai lokacin hutun nan.

Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mini: wasan farko da na yi idona biyu, na ji ƙarar ta yi mini yawa, na ji kamar kowa ni yake kallo. Sai wajen waƙa ta huɗu kafaɗuna suka saki. Washegari na tuna kowane baiti, abin da na shekara goma ban samu ba.

Baban Ummi:
Na ji, Mai Ganga, dabarunka masu kyau ne. Amma duk za su rushe in abokan nan biyu ba su sani ba. Wanda ya miƙo mini kofi ba mugu ba ne, ni ne ban faɗa masa ba. Ƙanena, in ba za ka iya buɗe baki ka gaya musu kafin Asabar ba, to ba ka shirya zuwa ba.

Mai Kwana 52:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Yaya ta ƙarshe ta zauna mini a rai, don kunyar faɗa musu ce nake ta kewayewa. Ɗazu na kira su. Ɗaya ya yi shiru, sannan ya ce dama ya lura, kuma ya yi alkawarin ba zai sha a gabana ba. Ɗayan ya yi dariya ya ce kwalba ɗaya ba ta kashe kowa. Shi kam ba zan tsaya kusa da shi ba.

Gobe zan ga likitana. In ya ce kada in je, zan ba ƙanwata tikitin. In ya amince, zan shiga tare da abokin nan da ya san komai tun farko, mu fito kafin a tashi. Anti, in ba damuwa, ke zan kira lokacin hutun.

Anti Talatu:
Kira ni, ƙanena. Ina aikin dare ranar, wayata tana aljihu.