Almajirai goma na Masamune: salsala ce ta gaskiya ko shirin 'yan baya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Nasiru ya nuna mana hoton wani takobin Japan, ya ce ƙirar Kanemitsu ce, ɗaya daga cikin almajirai goma na Masamune. Na kwana da maganar a raina. Ga wanda bai sani ba, Masamune maƙerin takubba ne da ya yi aiki a birnin Kamakura, lardin Sagami, daga ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, kuma salon ƙirar gidansu ake kira Soshu. Goman da ake jingina masa su ne Norishige, Go Yoshihiro, Kaneuji, Kinju, Rai Kunitsugu, Hasebe Kunishige, Kanemitsu, Chogi, Samonji da Naotsuna. Ni dai na ce wannan jeri ba salsala ba ce. 'Yan baya ne suka tattaro shahararrun maƙeran wancan ƙarni daga larduna daban-daban suka ɗaura su a gindin sunan mutum ɗaya.

Nasiru: Wa alaikumus salam Malam. To ai duk inda na karanta haka ake rubutawa. A ce duk sun yi kuskure?

Malam Habibu: Yawan masu maimaita zance ba ya mayar da shi hujja, Nasiru. Mu fara da Norishige. Akwai wuƙarsa mai ɗauke da shekarar 1314, lokacin da Masamune kansa yake tsakiyar aikinsa. Tsofaffin littattafan takubba kuma a ƙarƙashin Shintogo Kunimitsu suka sa shi, wato malamin da ake cewa shi ya koyar da Masamune. Ka ga abokin karatunsa ne ke nan, wataƙila ma ya girme shi. Sai Chogi na garin Osafune, wanda takubbansa masu shekara suka kai wajen 1380, alhali ana ƙiyasta mutuwar Masamune a wajen 1343. Yaushe suka zauna a maƙera ɗaya?

Baffa Maƙeri: Malam, Allah ya ƙara sani. Lissafin shekaru naka ne, ba zan ja da kai a nan ba. Amma ni a gindin zuga-zugi na tashi, kuma na san hannu ba ya ɓuya. Takobin Japan ana shafa masa yumɓu kafin a sa shi a wuta, da kauri a gadon baya, kaɗan-kaɗan a bakin kaifi, sannan a tsoma shi a ruwa. Inda yumɓu ya yi siriri nan ne ƙarfe ke yin tauri, sai wani farin layi ya fito a tsawon kaifin. Shi suke kira hamon. Na Shintogo Kunimitsu miƙaƙƙe ne siriri kamar an ja zare. Na Masamune kuwa hawa da sauka yake kamar igiyar ruwa, cike da ƙwayoyi masu ƙyalli da ido ke gani ɗaya-ɗaya, waɗanda suke kira nie, ga baƙaƙen jijiyoyi masu walƙiya suna ratsa jikin ƙarfen saboda an haɗa mai tauri da mai taushi an yi ta ninkewa. Wannan sai da wuta mai zafi ƙwarai, kuma kuskure kaɗan takobi ya tsage a ruwa. Mutanen Osafune ba haka suka gada ba, nasu layin laushi gare shi kamar hazo. To Chogi ɗan Osafune, wa ya nuna masa zafin wutar da za a tsaya a kai? Ba a koyon launin wuta da jin labari.

Hajiya Rabi: Baffa, tambayarka tana da nauyi, amma akwai amsar da ba ta buƙatar Masamune da kansa. A 1333 gwamnatin Kamakura ta faɗi, daga 1336 kuma ƙasar ta shiga yaƙin gidajen sarauta biyu har 1392. Sojoji suna yawo da takubba daga wannan lardi zuwa wancan, maƙera ma suna bin inda ciniki yake. Ƙwararren maƙeri idan takobin Kamakura ya shigo hannunsa, ko ya zauna wata biyu da wani yaron gidan da ya yi ƙaura, ba zai gane komai ba? Dubi Kanemitsu ɗin da aka fara maganar a kansa. Ubansa Kagemitsu, kakansa Nagamitsu, manyan gidan Osafune. Aikinsa na farko sak na ubansa, layin kaifi mai haƙora kamar na zarto. Sai can wajen shekarun 1350 ya koma yin mai igiyar ruwa. Wanda ya yi almajirci a Kamakura da ƙuruciya ai tun farkon aikinsa za a ga alamar, ba sai ya manyanta ba. Ga kuma tazarar fiye da kilomita 500 tsakanin garuruwan biyu.

Baffa Maƙeri: Hajiya, wannan na Kanemitsu kin kama ni. Magajin babban gida ba ya barin uwar maƙerar ubansa ya tafi koyo wani gari, ko a nan wajenmu da wuya. Amma Kaneuji fa? Mutumin lardin Yamato ne, ya bar gida, har harafin farko na sunansa ya sauya da wani mai furuci iri ɗaya, sannan ya je ya zauna a Shizu cikin lardin Mino. Masanan Japan da kansu suna cewa a cikin goman aikinsa ne ya fi kusa da na Masamune. Mutum ba ya sauya suna da gari da hannu a banza.

Malam Habibu: Baffa, na ba ka Kaneuji. Ban ce babu ko ɗaya ba. Abin da nake ƙi shi ne adadin nan goma cif, wanda daga ji ka san an tsara shi ne don ya yi daɗin faɗa.

Nasiru: To ni yanzu na fara shakkar shi kansa Masamunen. Na ji an ce wani masani ya taɓa cewa babu shi ma sam.

Malam Habibu: Imamura Choga kake nufi. A 1896 ya ta da wannan ƙura a jaridar Yomiuri. Hujjarsa ita ce bai ga takobi mai sa hannun Masamune da ya gamsar da shi ba, kuma yana ganin a zamanin Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya mulki Japan, aka kumbura sunan, lokacin da masu mulki ke ba jarumai kyautar takobi maimakon ƙasa. Rabin maganarsa tana da ƙarfi. Dogayen takubban wancan zamani da yawa an datse su daga baya ta wajen gindi don su yi daidai da ɗamara, sunan maƙeri kuwa a gindin yake, ƙarƙashin ƙota, sai ya tafi tare da abin da aka yanke. Daga nan iyalan Hon'ami, masu wasa takubba da tantance su, su ne ke duba takobi su ce na wane ne, wani lokaci su rubuta sunan da zinariya a jiki. Wanda ke da wannan iko, kana ganin jarabar da ke gabansa.

Hajiya Rabi: Amma ƙanina kada ka zarce. Akwai wani littafin sunayen maƙera, ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage, kwafin 1423 ne na abin da aka tattara tun wajen 1316, kuma sunan Masamune yana ciki. Hideyoshi kuwa sai a ƙarni na 16 aka haife shi. Akwai kuma gajerun wuƙaƙe kaɗan masu sa hannunsa da aka amince da su, kamar Fudo Masamune da ke gidan tarihin Tokugawa a Nagoya. Mutumin ya rayu, ya yi ƙira. Girman da aka ɗora masa daga baya shi ne abin tuhuma.

Nasiru: Na fahimta Hajiya. Muramasa fa, maƙerin da ake cewa Masamune ya kore shi saboda takobinsa mai son jini ne?

Hajiya Rabi: Wannan tatsuniya ce zalla. Muramasa a Kuwana yake, lardin Ise, kuma takobinsa mafi tsufa mai shekara na 1501 ne. Fiye da shekara 150 tsakaninsu.

Baffa Maƙeri: Ni abin da ke ci mini rai a maganar nan shi ne Go Yoshihiro. Babu takobi ko ɗaya a duniya mai sa hannunsa da aka tabbatar, har Japanawa suna cewa Go da fatalwa ba wanda ya taɓa gani. Amma duk da haka ana lissafa shi cikin manyan maƙera uku tare da Masamune da Awataguchi Yoshimitsu. Idan muka bi ƙa'idar Malam ta takarda da shekara, sai mu share shi gaba ɗaya. To takubban nan masu hannu iri ɗaya, masu ƙarfe garau da nie mai haske, wani ne ya ƙera su. Idon mai wasa takobi da ya shekara arba'in yana goga ƙarfe a dutse, ni a wurina shaida ce, ko da ba a rubuce take ba.

Malam Habibu: Shaida ce Baffa, ban raina ta ba. Amma shaida ce cewa hannu ɗaya ya yi su, kuma mai hannun ya san ƙirar Soshu. Ba ta gaya mana a gaban wa ya durƙusa ba. Masu ilimin isnadi sun raba tsakanin wanda ya yi zamani da malami da wanda aka tabbatar ya haɗu da shi. Hasebe Kunishige misali ne: takobinsa mai suna Heshikiri, wanda jarumi Oda Nobunaga ya mallaka, da ke gidan tarihin birnin Fukuoka, taurin ya watsu a duk jikinsa ɗigo-ɗigo, salon da ake kira hitatsura. Wannan salon an fi saninsa da Hiromitsu da Akihiro, maƙeran Sagami da suka zo bayan Masamune. Ka ga ko ƙarfen da kake kafa hujja da shi, tsarar baya yake nunawa.

Baffa Maƙeri: To sai mu ce jikan gida ne a sana'a ko da ba ɗa ba. Kanemitsu da Chogi na sallama. Norishige ɗan'uwan karatu ne, na yarda. Kaneuji da Go kuwa ina nan a kan bakana, Malam.

Malam Habibu: Kaneuji mun daidaita. Go ne ba mu gama ba. Ka kawo mini abin da ya haɗa Matsukura ta lardin Etchu, inda Go ya zauna, da Kamakura ban da kamannin ƙarfe, don Norishige ma ɗan Etchu ne, kuma ya fi kusa da a ce a wurinsa Go ya ga wannan wuta.