Shawarwarin majalisarmu kan shugaba da ambaliya

Daren jiya a unguwar Jekadafari da ke Gombe, gaban teburin mai shayi, hirarmu ta koma kan ambaliyar Maiduguri ta 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Dattawa suka ce in an yi ambaliya, ya kamata shugaba ya sa ƙafarsa cikin taɓo da wuri. Wani malami ya tuna mana tsohon shugaban Amurka George Bush: bayan guguwar Katrina a 2005 aka ɗauki hotonsa yana leƙen New Orleans ta tagar jirgin sama, abin da ya zubar masa da farin jini ƙwarai. Matasa kuwa suka ce jaje bai isa ba, a bi sawun buhunan hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA har hannun mabuƙata. Ni dai hankalina yana kan madatsar Dadin Kowa da ke nan jihar Gombe. Mu tambayi 'yan takara tun yanzu: wa ke duba ta kafin damina?