An cinye shi a teburin foka: ya koma ya rama, ko ya haƙura?

Auta: Salamu alaikum. Na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na kawo nan. Daren Asabar na shiga wani gidan caca a nan Manchesta da fam 300, na zauna teburin foka, wasan kartar nan na kuɗi. Zuwa ƙarfe ɗaya sun zama 900. Sai aka raba mini as biyu, babu abin da ya fi su a farkon wasa. Wani dattijon Bature ya turo duk abin da ke gabansa, ni ma na tura. Ya buɗe, sarki biyu. Har na fara miƙa hannu zan jawo kuɗin, katin ƙarshe ya faɗo sarki, nasa suka zama uku, ya cinye ni. Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Sau huɗu ina komawa wurin mai canji da katin banki. Asuba a mota ta same ni, ko kunna ta ban yi ba, ina ta kallon gilashi yana tara raɓa. Fam 3,200 sun tafi, kuma kuɗin adashin da na kwasa ne, na rufin gidan Hajiya a Funtuwa. Saura 800. Maman yara ba ta sani ba. Zuciyata sai ce mini take in koma ran Juma'a.

Malam: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, kai da kake sahun gaba?

Ɗan Lissafi: Malam a yi haƙuri in faɗi abin da ba za a so ba. Foka ba irin cacar injin nan ba ce da ake danna maɓalli. Ba da gidan kake karawa ba, da mutane ne, gidan kamasho kawai yake yanka. As biyu idan suka haɗu da sarki biyu, kusan sau 82 cikin 100 as ne ke ci. Wato Auta bai yi kuskure a wannan hannun ba, sauran 18 ɗin ne suka faɗo masa. Wanda ya iya wasa, asarar dare ɗaya ba ta nuna komai. Ya huta, ya koma ƙaramin tebur da natsuwa, a hankali zai farfaɗo.

Anti Nas: Da kuɗin rufin uwarsa zai farfaɗo?

Ɗan Lissafi: Ban ce da su ba, Anti. Masu sana'ar suna ware jarin wasa daban, ninki ashirin ko talatin na abin da suke zama da shi, ba sa haɗa shi da kuɗin cefane.

Anti Nas: To shi ina nasa jarin? Sake karanta abin da ya rubuta. A hannun as ɗin nan 300 kawai ya rasa daga aljihunsa, sauran 600 ribar dare ce. To 2,900 fa, ina suka shiga? Ka tsaya kana yi mana lissafin minti ɗaya, ka bar awa huɗu da suka biyo baya. Waɗannan awowin su ne ciwon. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa caca a aji ɗaya da shaye-shaye a kundinsu, kuma cikin alamomin da suke dubawa akwai wannan ɗin sak: mutum ya yi asara, ya koma wata rana don ya rama. Akwai ɓoye wa iyali ma. Biyu ke nan a saƙo ɗaya.

Direba: Ni dai ban san lissafi ba, amma shekara tara ina tuƙin tasi da dare, na san fuskarsu. Wanda ya ci, tun daga ƙofa yake surutu, har canji yake bar maka. Wanda aka cinye shiru yake, sai ya ce ka tsaya a na'urar cire kuɗi. Na taɓa ɗaukar wani, mun kai ƙofar gidansa, ya ga fitilar falo a kunne, ya ce mu juya. Garin neman gira ake rasa ido.

Malam: Ni duk wannan ba shi ne gabana ba. Ko da sau 100 cikin 100 zai ci, haramun ce. Baƙara aya ta 219, Ma'ida 90 da 91, maisir, wato caca, da giya tare aka ambace su. Ka ce gwaninta ce, to mai yankan aljihu ma gwani ne. Abin da ya tafi ya tafi, ya tuba, kada ya sake taka ƙofar.

Anti Nas: Gaskiya ne Malam, amma a sassauta murya. Yaron nan ya san hukuncin tun yana allo. Idan muka rufe shi da faɗa, gobe ba zai sake kawo mana magana ba, zai koma shi kaɗai.

Malam: Na karɓa. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Ɗan Lissafi: Ban musanta hukunci ba. Abin da nake ja a kai shi ne a ce duk sa'a ce. Gasar duniya ta foka tun 1970 ake yin ta a Las Begas ta Amurka, kuɗin shiga babban wasan dala 10,000. Stu Ungar ya ci ta a 1980, ya sake ci a 1981, ya dawo ya ci a 1997. Sa'a ba ta yin haka.

Yaya Babba: Madalla da ka kawo sunansa da bakinka. Ƙarasa labarin mana. A 1997 dala miliyan ɗaya aka ba shi. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin otel a Las Begas ɗin, yana da shekara 45, kuɗin da ke jikinsa ba su kai dala dubu ba. Ga Archie Karas ma, ɗan Girka. Ƙarshen 1992 ya shiga garin da dala 50, ya ranci 10,000, ya juya su har suka kai wajen miliyan 40. A 1995 cikin 'yan makonni suka ƙare.

Ɗan Lissafi: Yaya, a yi adalci. Ungar ƙwaya da cacar wasanni da ta dawaki suka cinye shi. Karas kuma mafi yawa a teburin jefa ɗan lido da na wata kartar sa'a da ake kira bakarat ya zubar. Ba foka ba ce.

Yaya Babba: Ai ka faɗi maganata. Sun fi kowa iya kartar, amma ba su iya tashi ba. Idan wanda ya ci duniya sau uku bai iya riƙe hannunsa ba, Auta da ya koyi wasan a waya bara ne zai iya? Kuma kai da kake son lissafi, ai ka san masana halayyar ɗan Adam ɗin nan, Kahneman da Tversky, waɗanda tun 1979 suka nuna zafin asara ya fi daɗin riba nauyi, daga baya suka ƙiyasta kusan ninki biyu ne, kuma mutum idan yana cikin asara ya fi yarda ya yi kasada. Wanda zai zauna ran Juma'a ba mai natsuwar da kake kwatantawa ba ne. Mutum ne da lamba 3,200 ke yawo a kansa. Duk katin da aka ba shi, kyau zai yi masa.

Ɗan Lissafi: Wannan kam na yarda. Juma'ar nan kada ya je. Amma har abada ɗin da kuke cewa, ban sa hannu ba.

Auta: Wallahi Yaya kamar kana cikin kaina. Jiya ko a wurin aiki katin ƙarshen nan nake gani.

Direba: Ka faɗa wa matarka yau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Hajiya za ta kira ta tambayi kwano.

Ɗan Lissafi: A'a, nan ma ban yarda ba. Ya ƙara awowin aiki wata uku ya cike gurbin, me ya kawo tayar da hankalin gida?

Anti Nas: Kai dai ba ka da aure shi ya sa. Mace tana yafe kuɗi, abin da ke mata wuya shi ne ta ji a bakin wani. Kuma muddin shi kaɗai ya san ramin, hanya mafi sauri ta cike shi ita ce za ta riƙa kiransa. Auta, ga abin da za ka yi kafin ka kwanta. Akwai SENSE, tsarin da mutum ke sa a hana shi shiga gidajen caca na ƙasar nan, mafi ƙaranci wata shida. Na intanet kuma GamStop, ka zaɓi wata shida, shekara ɗaya ko biyar. Ka shiga manhajar bankinka ka kunna toshe caca, yawancinsu suna da shi, kuma ko ka canja ra'ayi ba ya buɗewa nan take. Idan abin ya ci gaba da damunka, NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, na da asibitocin masu matsalar caca, kyauta ne, ni zan nuna maka yadda ake neman ganin likita.

Yaya Babba: 800 ɗin kuma turo mini yanzu, gobe in aika Funtuwa a fara sayen katako. Zubin adashinka na wata mai zuwa ni zan yi, ka biya ni a hankali. Bashi ne fa, ba kyauta ba.

Malam: Allah Ya saka, Yaya. Auta, ka zo Magariba mu yi magana, ba faɗa zan yi ba.

Auta: Na tura, Yaya, duba. Na yi GamStop, shekara biyar na danna. Na gidajen cacar gobe in sha Allah.

Ɗan Lissafi: Biyar? Ai da ka fara da wata shida ka gani.

Anti Nas: Kai, bar yaron nan haka. Auta, maman yara fa?

Auta: Ta je ɗauko su daga islamiyya. Ga ƙarar makullinta nan a ƙofa. Ban san ta inda zan fara ba.

Direba: Fara da adadin. Sauran zai fito da kansa.

Auta: To. Sai anjima.