Waɗanda tallafin shirinku na tarihi ko karatu ya ƙare, ya kuka yi?

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa shiga irin shirye-shiryen nan da ake kawo wa jama'a tarihi da adabi kyauta, kamar zaman karatu a laburare, ko naɗar hirar tsofaffi, ko baje kolin tsofaffin hotuna, musamman wanda wata ƙungiya ko jami'a ta ɗau nauyi na ɗan lokaci sannan kuɗin ya ƙare. Ya kuka yi bayan nan? Mu namu wa'adin ya kusa cika, zaman hira muke yi da dattawa duk ƙarshen wata, ɗalibai na tambaya ana naɗa, kuma wlh sai yanzu ne ma mutane suka fara zuwa da ƙafarsu ba sai an bi su gida ba. Masu tallafin tun farko sun ce ba za a sabunta ba, ba su ɓoye mana ba. Ni dai ba na so abin nan ya mutu a hannunmu.

Baban Safiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Namu kam ya mutu, kuma abin da ya fi min ciwo shi ne muryoyin da suka tafi da shi. Duk hirarrakin da muka naɗa suna cikin kwamfutar matashin da aka ɗauka ya jagoranci aikin, yaron kirki ne ba ruwansa, amma da kwantiraginsa ya ƙare ya samu aiki a wani wuri ya tafi da kwamfutarsa, daga baya ta lalace. A cikin waɗanda muka yi hira da su akwai wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ba mu labarin yadda ake aikin tun daga shigarsa har ritaya, sunayen tashoshi yana jero su kamar jiya ya baro. Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka zo wajena wai sun ji an ɗauki muryar babansu a taimaka musu da ita, ban san da wane baki zan ce musu babu ba. To ki tambaya tun yau, fayil ɗin nan a hannun wa suke, kar ki bari sai ranar rufewa.

Ɗan Laburare:
Allah ya ji ƙansa. Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba a wajen aikina. Hajiya abin da masu adana kayan tarihi ke bi shi ne kwafi uku, a kan na'ura iri biyu daban, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gini dabam, saboda gobara ko ɓarawo ba sa tambaya. Asalin naɗin ku bar shi a WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, in da hali, MP3 ɗin na rabawa ne a waya. Sannan a rubuta a takarda, wa aka yi hira da shi, yaushe, wa ya yi tambaya, me aka tattauna, don fayil mai suna lamba kawai bayan shekara biyar ba mai sanin me ke ciki. Da takardar amincewar wanda aka yi hira da shi, ita ce mutane suka fi mantawa, in babu ita laburare ma zai yi ɗari-ɗari da karɓa.
Akwai tsarin da nake so ku duba, na Laburaren Birtaniya, shirin ceto tsofaffin takardu da suka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. Sharaɗinsu shi ne asalin takardun ba sa barin ƙasar da suke, ana ɗaukar hotonsu ne, a bar kwafi a wata cibiya ta ƙasar, su ma su riƙe kwafi su sa a intanet kowa ya gani kyauta. Kun ga tun kafin a ba da kuɗi an riga an yanke inda kayan za su zauna.

Malama Hadiza:
Ni namu ya rayu alhamdulillah, zaman karatu ne na mata da 'yan mata. Da kuɗin ya tsaya sai muka zauna muka duba me ke cin kuɗi a ciki, ashe kusan duk kuɗin yana tafiya ne a buga allon talla da kuɗin mota da ɗauko baƙo mai lacca, shi karatun kansa ba ya cin komai. Muka yar da waɗancan. Ba zan ɓoye miki ba, da aka daina ba da kuɗin mota wajen ya rage sosai har gabana ya faɗi, amma waɗanda suka rage su ne har yau suke zuwa, kuma su suka jawo ƙawayensu a hankali. Abu biyu ne suka riƙe mu a ganina. Ba mu taɓa canza rana da lokaci ba, ko mutum huɗu ne suka zo sai an yi. Sai kuma makullin ɗakin, mun samu shugabar makarantar da ke ara mana aji ta ba mu izini a rubuce da sunan ƙungiyar matan, ba da sunan shirin da ya ƙare ba. Jagorancin zama kuma karɓa-karɓa muke yi, yarinyar da da ko gaisuwa ba ta iya yi a taro yanzu ita ke buɗe mana tattaunawa.

Abu Yasir:
Malama na ji daɗin labarinki amma a yi min afuwa, zaman karatu daban aikin naɗar hira daban. Ni na yi aikin sa kai a irin na su Hajiya, ni ke mayar da hirar rubutu, awa ɗaya ta magana tana iya cin awa huɗu zuwa shida kafin ka rubuta ta tsaf, in tsohon yana magana ƙasa-ƙasa ko akwai hayaniya ma ya fi haka. Wata na farko kowa da zafinsa, ana tafiya sai ka ga wannan ya yi aure, wancan jarrabawa, aikin duk ya dawo kan mutum biyu har suka gaji suka ajiye. Mutanen nan ba lalaci ba ne, suna da iyali. Ni ra'ayina ko yaya ne a samu mutum ɗaya da ake ba shi wani abu duk wata, ko da karo-karo ne tsakanin masu zuwa, a san cewa aikinsa ne kuma za a tambaye shi. Sa kai zalla ba ya ɗaukar aiki mai nauyi na dogon lokaci.

Maman Iman:
Ni a Amurka nake, kuma abin ya same mu mu ma, kar ku ɗauka inda ake da kuɗi ba a shiga wannan. A nan akwai hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa ayyukan tarihi da adabi, NEH, tun 1965 aka kafa ta, ita ke ba majalisun raya tarihi da adabi na jihohi da yankuna 56 kuɗin da suke rabawa laburare da ƙananan gidajen tarihi. A watan Afrilun 2025 aka wayi gari an soke tallafin, wasiƙa kawai aka aiko. Zaman da nake kai yarana a laburare, inda ake karanta littafi iyaye da yara a tattauna, sai da aka dakatar. Gidauniyar Mellon ta ba da dala miliyan 15 na gaggawa a ƙarshen watan, ya taimaka amma bai cike gurbin ba. Abin da na gani da idona shi ne iyayen da suka saba zuwa su suka je wajen shugabar laburaren suka ce a bar musu ɗakin, wata tsohuwar malama mai ritaya ta karɓi jagoranci. Da a ce ba mu san juna ba, ba mu da lambar juna, da shikenan an watse. Ki tattara lambobin masu zuwa a hannunku ku, ba a rajistar masu tallafi kaɗai ba.

Kawu Mai Rediyo:
'Yata bari in faɗa miki ta ɓangaren mu da ake zuwa a tambaya. Ni an taɓa zuwa an yi hira da ni kan aikin gyaran rediyo da na yi shekara da shekaru, yara masu ladabi, na saki jiki na faɗa musu har abin da 'ya'yana ba su sani ba. Suka yi godiya suka tafi, har yau ban ji muryar nan ba, ban san inda take ba. Da wasu suka sake zuwa daga baya sai na ce su yi haƙuri. Ba fushi nake ba, amma mutum yana so ya san maganarsa ta isa wani wuri. In kun ba kowane tsoho kwafinsa ya saurara da jikokinsa, ko babu ko sisi za su ci gaba da zuwa, su kawo muku abokansu ma.

Ɗan Laburare:
Kawu Allah ya ƙara lafiya, wannan magana taka ita ce ginshiƙin shirin naɗar hira na StoryCorps da aka fara a Niyok a 2003, mutum biyu da suka san juna su zauna su yi hirar minti 40, a ba su kwafi su tafi da shi gida, wani kwafin kuma in sun yarda a kai Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. A laburaren nan ne ma ake ajiye da labaran mutum sama da 2,300 da aka haifa cikin bauta, waɗanda aka rubuta daga bakinsu tsakanin 1936 da 1938, shirin da ya tattara su ya daɗe da rufewa amma har yau ana karanta su.

Anti Rabi:
Ni a ƙaramin gidan tarihi nake aiki. Mun yi baje kolin hotunan da iyalai suka aro mana, da tallafin ya ƙare sai na dage kafin a rufe asusu a mayar wa kowa hotonsa hannu da hannu ya sa hannu ya karɓa, mu muka riƙe kwafi da izininsu. Shekarar da ta biyo baya ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, ba mu da kasafi ko kaɗan, amma da muka yi kira iyalan nan suka dawo da hotuna fiye da na farko saboda sun ga ba a cinye musu ba. In za ku nemi wani tallafin ku ambaci yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ake gada baki da baki, sashe na 15 ya ce a sa al'ummar da ke riƙe da abin a cikin tafiyar da shi, ya taimaka mana wajen nuna cewa kwamitin iyalan ba ado ba ne.

Ummu Haidar:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na kira mai kula da aikin namu ɗazu, fayil ɗin duk a kwamfutarsa suke kamar yadda Baban Safiyya ya faɗa, ya ce in kawo ma'ajiya gobe a kwafa. Zaman wannan watan in sha Allah za mu fara raba wa dattawan nasu, Kawu na ji maganarka. Maganar biyan mutum ɗaya zan kai wa kwamiti, na san za a ja amma ina ganin Abu Yasir na da gaskiya. Malam Ɗan Laburare dan Allah takardar amincewar nan, waɗanda aka riga aka naɗa ba su cike ba za a iya komawa a karɓa yanzu?

Ɗan Laburare:
Za a iya Hajiya, ku je musu da kwafin nasu ku karanta musu takardar da baki kafin su sa hannu ko su dangwala, kuma a ba su zaɓi, wani zai yarda a ajiye a laburare amma bai yarda a sa a intanet ba. Wanda ya rasu kuma sai a nemi magadansa.