'Yata kurma ce, yanzu kuma gani yana tafiya: in bar ta a makarantarsu ko in kai ta ta kwana?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa shafa. 'Yata shekararta 11, kurma ce tun haihuwa, tana aji huɗu a makarantar kurame ta jeka-ka-dawo. Maganar hannu kam ta iya, har ta fi ni. Tun bara muka lura da magariba ta yi sai ta kama laluben bango, da rana kuma tana tuntuɓe da abin da ke gefenta, amma na gabanta sak tana ganinsa. Mun ɗauka dundumi ne, mun ba ta hanta har ta gundure ta. Likitan ido ya duba ya ce ciwon Usher ne, na gado, ganin zai yi ta tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma tabarau ba ya tsayar da shi.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in bar ta inda take, in ɗauki wata ta riƙa zama kusa da ita a aji ina biyanta, ko in kai ta makarantar kwana mai sashen makafi ta koyi rubutunsu tun tana da sauran gani. Babanta ya fi son ta kwanan. Saura mako uku a koma makaranta.

Alhaji Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ki saya mata na'urar kunne kawai. Na saya wa jikana a kan naira 180,000, yanzu ko daga zaure ka kira shi yana juyowa.

Ummu Sadiq:
A dage da hantar nan, a haɗa da karas da zogale. Ɗan maƙwabciyata da haka ya warke daga dundumi.

Nas Zainabu:
Don Allah mu riƙa karanta tambaya har ƙarshe. Dundumin da hanta ke yi wa magani na ƙarancin sinadarin bitamin A ne, wannan kuwa ciwo ne a fatar da ke can bayan ido, gadonsa ake yi daga uwa da uba duka ko da su lafiyarsu ƙalau. Sannan Alhaji, na'urar 180,000 a wace shekara? Wata uku da suka wuce an ce mana 450,000 kunne ɗaya, ban da gwaji da batir. Kuma ba kowane kurma take yi wa amfani ba.

Alhaji Kwari:
'Yata, bara-bara ne, kuma rasit yana nan. Ku dai ba ku san inda ake saye ba.

Malama Hassu:
Maman Biyu, ilimin masu buƙata ta musamman na karanta a Jami'ar Bayero, shekara tara ina koyarwa, yara biyu irin taki sun bi ta hannuna. Kafin ki yanke hukunci ga abin da za a fara gobe ba da ko sisi ba. Malaminta ya tsaya gabanta sak, ya ɗan ja baya, ya ƙanƙanta maganar hannunsa kusa da fuska, don idan ya baza hannu ya fita daga ɗan ramin da take gani. Ya sa riga mara ado wadda hannu zai fito a kanta, haske ya kasance a kansa, kada taga ta zama a bayansa. Ku kuma a gida ku fara saba mata da ɗora hannunta a kan naku kuna magana, ta riƙa jin motsin. Hannunki a ƙasa, nata a sama, kada ki damƙe nata kina juyawa. Kowa a gidan ya sami shaidarsa, ke awarwaro, babanta agogo, ta taɓa ta san wa ya zo. A daina sauya wa kujeru da bokiti wuri, a daina barin ƙofa rabi a buɗe.

Rubutun makafi ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, da ɗan allo da tsinke ake huda takarda daga dama zuwa hagu kamar ajami, a juya a karanta daga hagu. Ni ra'ayina ta tafi ta kwanan, don a makarantar kurame da wuya ki sami wanda ya iya shi.

Ɗan Mama 96:
Hajiya, ina roƙonki da girman Allah kada ki kai ta kwana. Ƙanina sanƙarau na 1996 ne ya kama shi, annobar da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Shi ya tashi, amma kunne ya tafi gaba ɗaya, ido ya bar masa ɗan hayaƙi-hayaƙi. Yana da shekara shida a lokacin. Da ya kai tara aka ce wa mahaifinmu akwai makarantar kwana, ya sayar da tumaki biyu muka kai shi.

Sashen makafi suka ce su da baki suke koyarwa, yaron da ba ya ji ba nasu ba ne. Sashen kurame suka ce su a allo suke nuni, yaron da ba ya gani ba nasu ba ne. Zango biyu yana tsakani. Ranar ziyara na same shi a bayan ɗakin kwana ya haɗa kai da gwiwa yana rangaji, ƙafarsa da ƙunar ruwan zafi ta fara wari. Ba wanda ya iya gaya mini yaushe ya ƙone. Ƙararrawar abinci ake kaɗawa, shi ba ya ji, kafin wani yaro ya tuna da shi an sheƙe tukunya. Da na taɓa shi sai ya kai mini cizo, sai da ya shafo tabon da ke goshina ya gane ni, ya ƙanƙame ni yana wani irin kuka da har yau ina jinsa a kunnena. Ranar na ɗauko shi ko akwatinsa ban tsaya nema ba. Mahaifiyarmu ce ta ƙirƙiro masa hanya da kanta: cokali a hannu abinci ne, buta bayan gida, hula za a fita masallaci. Da haka ya rayu har Allah Ya karɓi abinsa yana da shekara 24.

Ummu Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa Mama da Aljanna.

Malama Hassu:
Allah Ya gafarta masa. Amma Yaya, wannan labarin sama da shekara 20 ne, kuma ƙaninka ya je ba shi da wata hanyar magana. Ita wannan tana da yarenta a hannu, tana karatu da rubutu. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Mama 96:
Malama, ke ƙarfe biyu kike tashi ki tafi gidanki. Wa ke kwana da su? Wa zai raka ta bayan gida da dare, lokacin da ba ta gani ko kaɗan? Yarinya ce tana dab da fara al'ada, wa zai koya mata, wa zai tsare ta daga mugu alhali ba za ta iya cewa ga wanda ya taɓa ta ba? Takardar jami'a ba ta amsa wannan.

Kurman Fagge:
Ni kurma ne, ku bar ni in sa baki, tunda duk ku masu ji ne kuke yanke mana. Abin da ya fi ciwo a wurinmu kaɗaici ne. A makarantarta tana da ƙawaye masu yarenta, a sashen makafi kuwa kowa da murya yake hira, za ta zauna cikin mutane kamar ita kaɗai ce a daji. A bar ta, a kawo mata malamin rubutun makafi gida ranar Asabar da Lahadi. Sannan Hajiya ki lura, maganar hannun makaranta daban take da ta gida. Ta makaranta tushenta Amurka, Andrew Foster, kurma baƙar fata, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Tamu ta Hausa kuwa a kasuwa da majalisar kurame ake koyonta. Duk wadda za ki ɗauka ta iya wadda yarinyar ke amfani da ita a aji. Kuma shin an tambayi yarinyar me take so?

Bazazzagi:
Kurman Fagge ya fi duk Kanawan zauren nan magana mai kai. Alhaji Kwari kuwa ko ciwon ƙafa ka kawo masa sai ya ce akwai inda ake sayar da ita da araha.

Alhaji Kwari:
Kai Bazazzagi, ku da kuke zuwa Kano da jaka a hammata neman sari?

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, ina karantawa hawaye na zuba. Malam Kurman Fagge, wallahi ban tambaye ta ba, yau da dare zan yi. To nawa ake biyan mai zaman ajin?

Anti Larai:
Ni 25,000 nake ba wadda ke kula da ɗana mai shanyewar ƙafa, da abincin rana.

Malama Hassu:
Anti, wancan reno ne. Wadda ta iya maganar hannu, za ta zauna awa shida tana mayar mata da abin da malami ya faɗa a tafin hannu, ba za ki same ta ƙasa da 60,000 ba. Mafi ƙarancin albashi ma 70,000 ne tun 2024.

Anti Larai:
To mu talakawa sai mu binne 'ya'yanmu a ɗaki kenan?

Malam Issoufou Maraɗi:
Sannunku. Mu nan wata ɗalibar da ta gama makarantar kurame muka samu, ita ma kurma ce, jaka 15 na sefa, wato 15,000, muke biyanta a wata. Ta fi masu ji haƙuri nesa ba kusa ba. A nemi irinsu, da yawa suna zaune ba aiki.

Abu Hanif:
Ni abin da ke ba ni haushi, me ya sa uwa ce za ta biya? Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su sami ƙwararren ma'aikaci, ta ba gine-gine shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ni sau huɗu ina zuwa wani ofis neman injin Perkins na rubutun makafi ga ɗan yayana, ofishin ma a hawa na biyu yake, ba lif. Ƙarshe aka ce kayan suna sito, mai makulli ya tafi kwas.

Anti Larai:
Kai ka ga sito ma. Mu an tara mu tun safe a rana, aka ɗora yara a kan kekunan guragu aka ɗauki hoto, da manyan baƙi suka tafi aka ce a sauko, za a kira mu. Shekara biyu kenan.

Ɗan Mama 96:
Mu har fom muka cike sau uku, da hoton fasfo.

Bazazzagi:
Anti Larai, a wace jiha aka yi wannan? Don mu ma an karɓi sunayen yaran unguwarmu kafin azumi, har yau shiru.