Don Allah a taimaka, jarrabawar databes ranar Talata kuma kaina ya kulle

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ina aji uku, kwamfuta nake karanta, ranar Talata muke da jarrabawar databes, wato rumbun adana bayanai a kwamfuta. Tun farkon zango laptof ɗina ya lalace, na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari ya ce sikirin ne, na biya, daga baya ya ce a'a wai daga ciki ne, yau wata biyu kenan yana can kullum gobe jibi, ga bikin yayata da aka yi a Tudun Wada ni ce kan hidima sati biyu ban leƙa aji ba, kuma daga cikin gari nake zuwa Samaru kullum, kafin in dawo magariba ta yi an ɗauke wuta. Na haddace handawut ɗin tas, ko cikin barci aka tashe ni zan ce Edgar Codd ne ya kawo tsarin adana bayanai a tebur-tebur a 1970 yana aiki a IBM, amma da na duba tambayoyin bara sai na ji kamar ban taɓa zama ajin ba. Ya zan yi?

Sadiƙu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba su zaman lafiya. Amma ba ki faɗi inda ya shige miki duhu ba, tsara tebur ne ko rubuta SQL, wato yaren da ake tambayar databes da shi?

Hauwa'u: Amin. Duka dai.

Yaya Bash: Ƙanwata ki saurare ni da kyau, ni A na ci a kos ɗin nan. Ki ajiye SQL gefe, makin yana wajen nomalaizeshan, wato tsara tebur yadda ba za a yi ta maimaita bayani ɗaya ba. Kuma abin ba wuya, mutane ne ke tsoratar da kansu. Ɗauki tebur mai lambar ɗalibi, suna, sashe, da shugaban sashe. Ɗalibai 200 a sashe ɗaya, kin rubuta sunan shugaban sau 200 kenan, ranar da aka canza shi sai ki bi layi layi kina gyara, ki manta guda ɗaya shikenan teburin ya fara ƙarya. Me ya jawo? Shugaban ba ga lambar ɗalibi ya dogara kai tsaye ba, ga sashe ya dogara. Sai ki cire sashe da shugabansa ki ba su teburinsu, ki bar lambar sashe kawai a teburin ɗalibai ta zama foren ki, wato lambar da ke nuni zuwa wancan teburin. Wannan shi ne 3NF, mataki na uku na nomalaizeshan, ba wani tsafi. 2NF kuwa, mataki na biyu, ba ta tasowa sai firamare ki ɗinki, wato abin da ke bambanta kowane layi, ya haɗa kolum biyu ko fiye. Ki yi irin wannan guda goma da biro, kin gama.

Maryam: Haba Yaya Bash, ta ajiye SQL kuma? Mu a shekararmu tambayoyin SQL ne suka kayar da mutane. Hauwa ki sauke manhajar SQLite a waya ki yi tebur biyu ki riƙa gwadawa. Ki riƙe wannan, WHERE tana tace layuka kafin GROUP BY ta tara su, HAVING kuma bayan an tara, in aka ce kawo sassan da ɗalibansu suka wuce 50 to HAVING COUNT(*) > 50 ne. Kuma in kina neman gurbin da ba komai a ciki kar ki kuskura ki rubuta = NULL, IS NULL ake rubutawa, a nan na zubar da maki har yau yana min ciwo.

Nura: Ni wallahi da na ji sunan kos ɗin nan raina ke ɓaci. Mu biyar aka haɗa a furojet, ni kaɗai na zauna na zana taswirar ER ɗin, wato zanen alaƙar da ke tsakanin bayanan, da teburan, kwana uku ina cin garin kwaki, ranar gabatarwa wani da ko sau ɗaya bai zo ba ya sha babbar riga ya fi kowa baki, ƙarshe maki ɗaya aka ba mu. Allah ya isa kawai.

Yaya Bash: Maryam a takarda za ta rubuta ba a waya ba. Wanda bai iya tsara tebur ba me zai yi JOIN, wato haɗa tebur da tebur, a kai? Ɗalibi yana ɗaukar kos da yawa, kos yana da ɗalibai da yawa, in ba ta san sai an sa tebur na uku a tsakani ba SQL ɗin banza ne. Na koya wa mutane da yawa, na san abin da nake faɗa.

Maryam: To ai sai ta gani da idonta LEFT JOIN ya dawo da ɗalibin da bai yi rajistar komai ba sannan zai zauna mata.

Hauwa'u: Na gode, amma gaskiya wayata ba wuri, hotunan biki sun cika ta kuma amarya ba ta karɓa ba tukuna. Sannan haddar nan da ake rainawa ita ta fisshe ni aji ɗaya da aji biyu, ban taɓa kerioba ba. Ni dai da za a faɗa min wuraren da suka fi fitowa in haddace.

Yaya Bash: Ba a haddace wannan ƙanwata, canza teburin za a yi, bara ɗalibai bana ki ga asibiti ko kanti.

Zainab: Ki zo Samaru mu kwana karatu ranar Lahadi, mu huɗu ne.

Hauwa'u: Baba ba zai bari in kwana a waje ba, ko lokacin tes na tambaya ya hana.

Nura: Wane mai gyara ne a Sabon Garin? Kar dai wanda ya riƙe min caja ne.

Sadiƙu: Hauwa ki ɗauko hoton tambaya ɗaya cikin na baran ki turo mu warware tare, har yanzu ba mu san me ya gagare ki ba.

Hauwa'u: Takardar tana wajen ƙawata, kuma cajina saura 4. Sai an kawo wuta in sha Allah.

Zainab: Kafin ta mutu don Allah turo min handawut ɗin, nawa ba shafin BCNF, matakin da ke gaba da 3NF.