Dashen buluberi a Kaduna: in saya ko in haƙura?

Maman Ilham (Malali): Assalamu alaikum. Wata mai sayar da dashe ta yi mini tayin buluberi (ɗan itacen nan mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye) guda biyu, irin da ake kira Biloxi, kowanne naira dubu 25. A manyan bokitai zan sa su bayan ɗaki, inda rana ke bugawa da safe kawai, kuma ruwan burtsatse muke da shi. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa a nan Kaduna ya faɗa mini, yana jure zafin Maris da Afrilu? Jibi take son in tura kuɗin.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki haƙa rami ki sa gwaiba, kin huta.

Maman Ilham: Alhaji, gidan duk siminti ne, shi ya sa na ce bokiti.

Anti Binta (Barnawa): Ƙanwata, kar ki tura ko sisi. Ni iri na saya ta intanet, da hoton 'ya'yan shuɗi shar a jikin leda. Na yi ta ɗawainiya, ruwa safe da yamma, har taki na sa aka kawo mini daga Mando. Ya tsiro, ya yi fure, ina ta murna ina nuna wa maƙwabta. Da 'ya'yan suka nuna, surukata na gani ta ce ai gautan kaji ne. Na kira mai kayan, ta toshe lambata. Wallahi ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, yarana ne da suka yi ta jira. Allah ya isa.

Malam Musa (Samaru): Allah ya mayar da alheri. Amma Maman Ilham dashe ta ce, ba iri ba. Biloxi ba ya buƙatar sanyi mai yawa, ana nomansa a Meziko da Peru, sau da yawa ma cikin tukwane. Wahalarsa ƙasa ce: yana son mai tsami, 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Toka da kashin kaji suna kashe tsamin, wani ruwan burtsatsen ma haka, sai ganye ya koma ɗorawa. Saiwarsa siririya ce, a sama-sama take, ba ta jure bushewa, kuma idan ruwan Agusta ya kwanta a bokiti za ta ruɓe. Ki tara ruwan sama, ki sa a auna na burtsatsen kafin ki biya.

Anti Binta: Malam, kai ka shuka ko a takarda ka karanta?

Malam Musa: Aikin gona na karanta, Hajiya. Sitiroberi nake da shi a gida.

Baban Sadiq: To ai ba ɗaya ba ne. Sitiroberin ma sai Jos yake yin kyau.

Ummu Hanan: Dubu 25? Ƙawata dubu 12 ta saya.

Abba Kawo: Ni dubu 40 aka ce mini, ban da kuɗin mota daga Legas. Amma jama'a, ba ga ɗinya nan ba? Ita ce buluberin kakanninmu, ta ɗari biyu ta ishi gida.

Ummu Hanan: Abba ba ka da dama! Ni dai ruwan ma nake ji. Mu a Tudun Wada rabonmu da ruwan famfo har na manta, jarka ɗaya 'yan garuwa kullum sai sun ƙara kuɗi.

Anti Binta: Ku bari kawai. Namu burtsatsen sai an kawo wuta, wutar kuma sai tsakar dare.

Maman Ilham: Malam Musa, a ina ake auna ruwan, kuma nawa ne?

Abba Kawo: Ummu Hanan, nawa jarkar take yanzu a wajenku?